Tsibiran Kanari: Masu Hutun Hunturu da Guguwar da Ke Ɗauke Wuta

A gaɓar Puerto de las Nieves, wata ƙaramar tashar masunta da ke gindin garin Agaete a arewa maso yammacin tsibirin Gran Canaria, akwai wani dutse da ke tsaye cikin teku, tsayinsa kimanin mita 30. A da, samansa ya sirance ya miƙe tsaye, kuma hotonsa ne ake bugawa a katunan gaisuwa da takardun tallan tsibirin. 'Yan gari na kiransa Roque Partido, baƙi kuwa sun fi saninsa da Dedo de Dios. Ranar Litinin 28 ga Nuwamba 2005, guguwar da masana yanayi suka raɗa wa suna Delta ta karya wannan siririn kai, ta jefa shi cikin ruwa. A daren nan dai, a tsallaken teku, manyan turakun ƙarfe masu ɗauke da wayoyin lantarki suka yi ta zubewa a tsibirin Tenerife. Kafin gari ya waye, mutane fiye da 200,000 sun rasa wuta, wasu unguwanni kuma sai da suka yi kusan mako guda cikin duhu.

Abin lura shi ne wannan ya faru a wurin da babban jarinsa shi ne daɗin yanayi. Tsibiran Kanari na ƙarƙashin Sifaniya ne, amma a jikin Afirka suke: tsakanin Fuerteventura da gaɓar Maroko bai wuce kilomita 100 ba, alhali babban yankin Sifaniya na da nisan fiye da kilomita 1,000. Tsibirai takwas ne ke da mazauna, jimillarsu kimanin mutum miliyan 2.2. Idan sanyi ya kama Landan da Berlin da Stockholm, rana ta riƙa faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar na yamma, a bakin tekun Kanari ma'aunin zafi na kai-komo ne a wajen digiri 20. Shi ya sa daga Nuwamba zuwa Maris jirage ke sauke baƙi kamar da bakin ƙwarya. A shekarar 2024, masu yawon buɗe ido daga ƙasashen waje sun haura miliyan 15, 'yan Birtaniya ne kan gaba, sai Jamusawa, kuma wannan sana'a ce ke samar da kusan kashi ɗaya cikin uku na arzikin tsibiran.

Duk wanda ya sauka Tenerife, idonsa zai fara sauka a kan Teide. Dutse ne mai aman wuta da ya kai mita 3,715, babu wanda ya kai shi tsawo a duk ƙasar Sifaniya. An mayar da kewayensa gandun ƙasa a 1954, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2007. Mutane fiye da miliyan huɗu ke ziyartarsa a shekara. Hanyar hawan kanta abin kallo ce. Mota za ta taso daga gonakin ayaba da ke bakin teku, ta ratsa ƙauyuka masu lambunan dankali, ta shiga dajin itatuwan fayin, ta kutsa cikin gajimare har direba ya kunna fitila, sannan ta ɓulla samansa inda rana ke haske tar, gajimaren kuma ya shimfiɗu a ƙasa iya ganin ido. Daga nan sai wani faffaɗan kwari mai suna Las Cañadas, cike da ƙonannun duwatsu ja da baƙi da ruwan ƙasa. Tun 1971 akwai akwatin fasinja mai tafiya a kan igiyar ƙarfe, wanda ake kira teleférico, da ke ɗaukar mutum daga mita 2,356 zuwa mita 3,555 cikin minti takwas. Ragowar tazarar zuwa ƙololuwa a ƙafa ake yin ta, kuma sai da takardar izini.

Minti takwas ɗin nan ne ke yaudarar mutane. Wanda ya karya kumallo da gajeren wando a bakin ruwa zai iya samun kansa kafin azahar a inda ruwa ke daskarewa, iska kuma ta yi ƙaranci har numfashi ya yi nauyi. Dusar ƙanƙara na sauka a Teide kusan kowane hunturu, hukuma na rufe hanyoyin hawa, kuma da zarar iska ta yi ƙarfi ana tsayar da akwatin igiyar. A tsakiyar Nuwamba 2024, cikin kwana uku kacal, jami'an ceto sun sauko da kimanin mutum 130 da suka hau a ƙafa da niyyar dawowa cikin akwatin, suka tarar an rufe shi saboda munin yanayi. Da yawansu ba su da ko rigar sanyi. Bayan wannan ne majalisar tsibirin ta wajabta neman izini da ɗaukar kayan sanyi a hanyoyin da ke kaiwa saman dutsen.

Ƙasan dutsen ma akwai abin gani da zai cinye mako. Tsohon birnin La Laguna, da titunansa miƙaƙƙu da gidajensa masu barandar katako, ya shiga jerin UNESCO a 1999, kuma tsarinsa ne aka kwaikwaya a birane da dama da Sifaniyawa suka gina a nahiyar Amurka. A Icod de los Vinos akwai tsohuwar bishiyar drago mai ɗaruruwan shekaru, wasu ma na cewa ta kai dubu. Garachico shi ne babbar tashar jiragen ruwan tsibirin har zuwa 1706, lokacin da narkakken dutse ya gangaro ya cike tashar. A yau mutane na wanka a kududdufan da wannan dutse ya bari bayan ya huce. A yamma kuma akwai ƙauyen Masca da ke maƙale tsakanin tsaunuka, da gangaren Los Gigantes da ya miƙe ɗaruruwan mitoci daga cikin teku, inda kwale-kwale ke kai baƙi kallon dolfin da manyan dabbobin ruwan nan da ake kira calderón.

Tafiyar ƙasa da awa ɗaya a jirgin ruwa daga tashar Los Cristianos ta Tenerife, sai ga La Gomera, inda Columbus ya yi guzurin ƙarshe a 1492 kafin ya tsallaka Atlantika. Tsakiyar tsibirin dajin Garajonay ne, mai ɗigar raɓa dare da rana. Kwarurukansa masu zurfi su suka haifar da silbo, wato magana da fito, wadda makiyaya ke isar da saƙo da ita daga tsauni zuwa tsauni. Tun 1999 ake koyar da ita a makarantun tsibirin. Lanzarote na da filin Timanfaya da aman wutar 1730 zuwa 1736 ya binne, inda har yau ake gasa nama da zafin da ke fitowa daga ƙasa. Gran Canaria na da tuddan yashin Maspalomas, La Palma kuma na da manyan madubin hangen taurari da sabon dutsen da ya yi kwana 85 yana aman wuta a 2021.

Mai karatu daga Agadas ko Tawa zai ga wani abu da Bature ba lalle ya kula da shi ba. Mutanen farko na tsibiran, waɗanda ake kira Guanche a Tenerife, daga Arewacin Afirka suka fito, dangin Abzinawa ne ta wajen asali da harshe, kuma rubuce-rubucen da suka bari a jikin duwatsu, musamman a tsibirin El Hierro, 'yan uwan Tifinag ne. Sifaniya ba ta gama cin Tenerife da yaƙi ba sai 1496. Daga cikin abin da ya saura na gadonsu akwai gofio, garin hatsi da ake soyawa kafin a niƙa, wanda har yau ba a rasa shi a kicin ɗin ɗan Kanari.

Tsayin da ke ƙawata tsibiran shi ne ke juya yanayinsu. A yawancin shekara iska na busowa ne daga arewa maso gabas, ta tara gajimare a arewacin tsaunuka, ta bar kudu a bushe, kuma a kudun aka jera otal-otal. Amma a hunturu wata guguwa kan taso daga Atlantika ta ɓullo ta kudu maso yamma, ta buga ɓangaren da bai saba ba. Busassun kwaruruka, waɗanda 'yan gari ke kira barranco, kan cika da ruwa cikin ɗan lokaci. Ranar 31 ga Maris 2002 irin wannan ruwa ya sauka a Santa Cruz, babban birnin Tenerife, ya hallaka mutum takwas. Iskar kuwa, idan ta haye ƙashin bayan tsibirin ta gangaro ɗaya gefen, ƙarfinta ƙaruwa yake yi.

Haka Delta ta yi. Ta fara ne a matsayin guguwar yankin zafi a tsakiyar teku, a ƙarshen shekarar da ta kafa tarihi wajen yawan guguwa a Atlantika, har sunayen da aka tanada suka ƙare aka koma haruffan Girka. Maimakon ta nufi Amurka yadda aka saba, sai ta juyo gabas. A tashar nazarin yanayi ta Izaña, can saman tsauni, an auna iska mai gudun kilomita 248 a awa. A filin jirgin sama na Tenerife ta Arewa ta kai 147, ta yaye wani ɓangare na rufin ginin alhali fasinjojin da aka soke wa tafiya na zaune ciki. Gonakin ayaba da rumfunan tumatir sun kwanta. A yankin kwarin Güímar, inda iskar ta gangaro da cikakken ƙarfinta, gommai na turakun babban layin da ke kawo wuta daga tashar Granadilla ta kudu zuwa Santa Cruz da La Laguna suka lanƙwashe. An ƙiyasta asarar da aka yi a kan Yuro miliyan 312. Hotunan turakun da suka faɗi, wasunsu da tsatsa a jiki, sun fusata jama'a, har majalisar dokokin Kanari ta kafa kwamitin bincike.

Mutum 19 ne guguwar ta ci. Ɗaya dattijo ne a Fuerteventura da iska ta jefo shi yana gyaran rufin gidansa. Sauran 18 ɗin 'yan Afirka ne da ke cikin kwale-kwalen da ya kife a kudancin Gran Canaria. An tsamo gawa shida, goma sha biyu ba a ƙara ganinsu ba. Bai kamata a yi maganar hutu a waɗannan tsibirai a tsallake wannan ba. Tekun da wasu ke biyan kuɗi su kalla daga barandar otal, shi ne wasu ke ratsawa daga Senegal da Muritaniya da Gambiya cikin jiragen kamun kifi, kuma a 2024 kaɗai mutum fiye da 46,000 suka iso ta wannan hanya, ban da waɗanda suka halaka a tsakani.

To me ya sa faɗuwar layi ɗaya ke jefa rabin tsibiri cikin duhu a ƙasar da ke cikin Tarayyar Turai? Amsar na cikin taswira. A babban yankin Turai, wayoyin lantarki a haɗe suke daga Fotugal har Poland, ta yadda idan tasha ɗaya ta tsaya ɗaruruwa za su cike giɓin kafin mai gida ya ankara. Kanari ba ta da wannan gata. An daɗe tsibiran na rabe gida shida ta fuskar wuta, kowanne da injinansa da layukansa, in ban da Lanzarote da Fuerteventura da waya ta haɗa ta ƙarƙashin ruwa. Tekun da ke tsakanin sauran na da zurfi ƙwarai, a wasu wurare ya haura mita dubu biyu. Kusan kashi huɗu cikin biyar na wutar kuma daga ƙona baƙin mai da dizal ake samun ta, man da jiragen ruwa ke kawowa. Kuɗin samar da ita ya fi na babban yankin nesa ba kusa ba, ko da yake ɗan Kanari na biyan farashi ɗaya da ɗan Madrid, domin gwamnati da sauran masu biyan kuɗin wuta ne ke cike ragowar.

Lantarki kuwa ba ya jira. A kowane sakan, abin da injina ke samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha. Idan babban inji ya tsaya ko layi ya tsinke, nauyin sai ya faɗa kan sauran, su kuma na'urorin kariyarsu su kashe su ɗaya bayan ɗaya don kada su ƙone. Cikin 'yan sakanni tsibiri guda ya mutu. Mutanen Kanari na kiran wannan cero energético, kuma kalmar ta zama ta yau da kullum a bakinsu. Tenerife ta gan shi a 2009, ta sake gani a farkon 2010, sannan ranar Lahadi 29 ga Satumba 2019 da 15 ga Yuli 2020. Tayar da wutar ma aiki ne na lallami: a kunna inji ɗaya, a ɗora masa unguwa kaɗan, a jira ya daidaita, sannan a ƙara. Na 2019 ya ci kimanin awa tara, ya shafi mutane kusan miliyan ɗaya.

Akwai kuma wata sarƙaƙiya da ba ta da sauƙin warwarewa. Maganin layi ɗaya shi ne a yi na biyu, amma tsibiri ƙarami ne, kusan rabin Tenerife wuri ne da doka ta kare, kuma kyan wurin shi ne abin sayarwa. A Nuwamba 2002 dubun-dubatar mutane sun cika titunan Santa Cruz suna adawa da babban layin da aka so a ratsa da shi ta dajin Vilaflor, har aka janye shirin. Suna da hujja, domin dajin ba ya maimaituwa. Injiniyoyin da ke cewa tsarin na tafiya da ƙafa ɗaya su ma suna da tasu. Shekaru sun shuɗe ana wannan ja-in-ja, injina na tsufa. Tashar wuta ta Candelaria a Tenerife tun shekarun 1960 take aiki.

Mutumin Kano ko Kaduna ba ya buƙatar dogon bayani a nan. A Oktoba 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir da aka dogara da shi shi ma ya samu matsala, yawancin Arewa ta yi fiye da mako babu wuta. Ciwon ɗaya ne, wato jama'a mai yawa rataye da waya guda. Bambancin shi ne ɗan Arewa ya saba, yana da tocila da gawayi da randa, da yawa kuma na da janareta ko sola. Gidan Turai an gina shi ne bisa zaton wuta ba ta ɗaukewa.

Shi ya sa awa tara ke zama babban al'amari. A 2019 'yan kwana-kwana sun wuni suna fito da mutane daga na'urorin hawa bene. Jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Santa Cruz da La Laguna ya tsaya cak, fitilun ba da hannu suka mutu, ƙofofin garejin da ke buɗewa da lantarki suka riƙe motoci a ciki. Murhun girki a gidaje da yawa na lantarki ne. Kantuna ba sa iya karɓar kati, na'urar cire kuɗi ba ta aiki, famfon gidan mai ba ya zuba. Asibitoci da filayen jirgin sama sun ci gaba da aiki da janaretocinsu, amma marar lafiyar da ke gida da na'urar numfashi, ko mai ciwon sukari da maganinsa ke firji, hankalinsa ba zai kwanta ba. A lokacin Delta, da abin ya kai kwanaki, kyandir da batir da ƙanƙara da ƙaramin murhun gas su ne aka yi ta nema, rediyo mai batir kuma ita ce ta riƙe gari da labari.

Ruwa ne babban abin tsoro. Tenerife da La Palma na samun mafi yawan nasu daga dogayen ramuka da aka haƙa a kwance cikin duwatsu, amma tsibiran gabas ba su da wannan rabo. A Lanzarote aka buɗe tashar tace ruwan teku ta farko a Turai domin amfanin gari, a 1964, kuma a yau kusan duk abin da ake sha da wanka a can da Fuerteventura daga teku ake tace shi, da ƙarfin lantarki. Ko inda ruwan ke akwai, sai famfo ya tura shi hawa na shida. Idan ɗaukewar wuta ta daɗe, ƙishirwa na biye da ita.

La Gomera ta nuna yadda ƙaramin tsibiri ke ji a jika. Da asubahin 30 ga Yuli 2023 gobara ta tashi a El Palmar, tashar da ke ba tsibirin wuta, wadda wasu injinanta suka haura shekara talatin. Mazauna kimanin 22,000 da baƙinsu suka wayi gari babu wuta, babu kuma maƙwabcin da za a jawo daga wajensa. Sai da aka yi lodin manyan janaretoci a jiragen ruwa daga wasu tsibiran, aka ɗauki kusan kwana uku kafin lamarin ya daidaita. Masu gidajen abinci sun zubar da kifi da nama, sadarwar waya ta yi rauni a ƙauyuka. Wannan ba guguwa ba ce, tsakar bazara ne teku na kwance, jirage na iya tafiya. Da a ce hunturu ne an rufe tashar jiragen ruwa, da janaretocin ma ba su samu hanyar isowa ba. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka, a Oktoba 2023, gwamnatin Kanari ƙarƙashin Fernando Clavijo ta ayyana dokar ta-ɓaci kan makamashi.

Baƙi ma ba ɗaya suke ba a irin wannan rana. Wanda ke babban otal zai iya ganin fitila ta ƙyafta ta dawo, don akwai janareta a ƙasa, akwai ma'aikatan da suka san abin yi. Wanda ya kama hayar ɗaki ta intanet a wani ƙauyen kan tudu, bai iya Sifaniyanci ba, bai san maƙwabci ba, taswirarsa da tikitinsa da kuɗinsa duk suna cikin waya mai saura kashi goma na caji, shi ne ke shan wahala. Irin wannan baƙon kuwa ƙaruwa yake yi kowace shekara.

Tanadin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. A Maris 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta shawarci kowane gida ya ajiye abin da zai riƙe shi awa 72 ba tare da taimakon kowa ba: ruwan sha, abincin da ba ya buƙatar girki, tocila, rediyo mai batir, magunguna, tsabar kuɗi da kwafin takardu. Tsofaffin Kanari sun riga hukumar sanin wannan, domin gofio da ɗan ruwa ko madara da zuma ya isa abinci ko babu wuta. Firjin da ba a buɗe ba na riƙe sanyi kamar awa huɗu, cikakken firiza kuma har kwana biyu, don haka kowace buɗewa asara ce. A cire filogin kayan wuta kafin ta dawo, a bar fitila ɗaya a kunne don a san ta zo. Kada a kunna janareta ko gawayi a cikin ɗaki ko gareji, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsu ba ta da wari, kuma tana ɗaukar mutum ne cikin barci. Wayar da ta faɗo a hanya a ɗauka da wuta a jikinta.

Hukumar yanayi ta Sifaniya, AEMET, na ba da gargaɗi da launi uku: rawaya, ruwan lemo da ja. Idan ya kai na biyu, ƙananan hukumomi kan rufe hanyoyin daji da kwaruruka irin na Masca, kuma ba don wasa suke yi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka nan bakin teku. Igiyar ruwan hunturu a arewacin tsibiran ta sha shiga titunan Garachico, a Nuwamba 2018 ma ta ɓalle barandar wani dogon bene a Mesa del Mar. Da yawa daga waɗanda teku ke ci duk shekara baƙi ne da suka tsallake shingen gargaɗi don ɗaukar hoto. Wani lokacin kuma matsalar daga gabas take zuwa. Ƙurar Sahara, wadda ake kira calima a can, a watannin da hazo ke rufe Kano da Damagaram take yawan sauka. A Fabrairu 2020 ta turnuƙe har aka rufe filayen jiragen saman tsibiran, dubban matafiya suka kwana a ƙasa, iska mai zafi kuma ta rura gobara a Tenerife da Gran Canaria.

Ana neman mafita, kuma mafi ban sha'awa na El Hierro ne, tsibirin da mutanensa ba su wuce 11,000 da ɗoriya ba. A 2014 aka buɗe Gorona del Viento: manyan fankoki biyar masu samar da megawat 11.5, da tafki biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a bakin wani mataccen dutsen aman wuta kimanin mita 700 sama da teku. Idan iska ta yi yawa, ragowar wutar na tura ruwa sama. Idan ta lafa, sai a saki ruwan ya gangaro ya juya injina. A 2019 tsibirin ya yi kwana 24 a jere ba tare da ƙona dizal don wuta ba. A lissafin shekara dai abin da ake samu ya tsaya ne a wajen rabin buƙata, injinan dizal na nan daram, amma ko rabin ba ƙaramin abu ba ne ga wurin da duk ɗigon mai sai jirgi ya kawo.

Gran Canaria na gina irin wannan a babban sikeli, tsakanin madatsun Chira da Soria, mai ƙarfin megawat 200. Kamfanin Red Eléctrica kuma ya ɗauki aikin haɗa Tenerife da La Gomera da waya mai tsawon kilomita 36 a ƙarƙashin teku, a zurfin da ya haura mita 1,100. Ba a ce haɗuwa na maganin komai ba: ranar 28 ga Afrilu 2025, da wuta ta ɗauke a duk babban yankin Sifaniya da Fotugal, fitilun Kanari na kunne, saboda ba a haɗe suke ba. Amma makonni shida bayan haka, ranar 10 ga Yuni, La Palma ta faɗa duhu gaba ɗayanta saboda matsalar inji a tasharta.

'Yan tsibiran sun gaji da jiran gyara. Ranar 20 ga Afrilu 2024 dubun-dubatarsu suka fito zanga-zanga suna cewa Kanari na da iyakar abin da za ta iya ɗauka, suna kukan tsadar haya, ƙarancin ruwa da cunkoso. Ba korar baƙi suke yi ba, da yawansu a otal suke aiki. Tambayarsu ita ce yaya za a ci gaba da ƙara gadajen kwana a kan wayoyi da injinan da suka riga suka gaji, kuma tambaya ce da ta dace. Wurin da ke karɓar baƙin da suka ninka mazaunansa sau bakwai ya kamata kuɗin baƙin ya fara bayyana a turakun wuta da bututun ruwa kafin ya bayyana a sabon wurin wanka.

Wanda Allah ya hore masa zuwa tsakanin Nuwamba da Maris, ya je, don wurin ya cancanci gani. Sai dai kafin ya biya kuɗin masauki ya tambaya ko akwai janareta da tankin ruwa, ya bar kwana ɗaya ko biyu a jadawalinsa babu wani shiri, ya rubuta adireshinsa a takarda, ya gaisa da maƙwabcinsa tun ranar farko, kuma ya haddace lambar agajin gaggawa, 112.